Layin Dogo, Wikipedia da Tambayar "Wa Ya Faɗa?"



Bari in fara da tambaya mai sauƙi. A wace shekara jirgin ƙasa ya iso Kano? Idan aka tara mutum goma masu ɗan karatu, wasu za su ce 1911, wasu su ce 1912, kuma kowane ɓangare yana da gaskiyarsa. A 1911 ne dogon da aka taso da shimfiɗarsa daga Baro, can bakin kogin Kwara, ya iso Kano. A 1912 kuma aka buɗe zirga-zirga tsakanin Kano da Legas, bayan an haɗe layin Baro da na Legas a Minna. Ko a lokacin ma, idan aka zo Jebba sai an ɗora taragai a jirgin ruwa an tsallaka da su, domin ba a gama gada ba sai bayan 'yan shekaru. Ka ga ke nan wanda ya rubuta "jirgin ƙasa ya iso Kano a 1912" ya ajiye alƙalami bai yi ƙarya ba, amma ya bar mai karatu a duhu. Bai faɗi wane jirgi ba, bai faɗi daga ina ba, sannan bai nuna inda ya samo maganar ba.

Wannan 'yar tambaya ta "wa ya faɗa?" ita ce maganata ta yau. Ra'ayina shi ne, duk matashi ko matashiyar da ke son zama marubucin Hausa ya kamata ya ɗauki tashar jirgin ƙasa guda ɗaya, ko layin dogo guda ɗaya, ya rubuta maƙalarsa a Wikipedia ta Hausa, kowace magana da madogararta. Guda ɗaya tak, amma mai ƙafafun tsayawa. Wannan ya fi mana amfani, mu da masu karatu, a kan maƙala ɗari da aka watsa wa na'ura ta juya aka manna ba tare da an karanta ba.

Me ya kawo Wikipedia cikin zancen marubuta?

Ga wanda bai saba da ita ba, Wikipedia kundin ilimi ne na intanet da aka fara a watan Janairun 2001. 'Yan sa-kai ne ke rubuta shi, ba a biyansu, kuma duk mai waya da data zai iya buɗe shafi ya gyara. Akwai ta a ɗaruruwan harsuna, har da Hausa, wadda maƙalolinta suka kai dubun-dubata.

Wani zai ce ina ruwan mai rubuta labarin soyayya ko mai waƙa da wannan? Ruwansa a nan yake: ɗan sakandaren da aka ba aikin gida ya lalubo a waya da Hausa, can yake faɗawa. Mai gabatar da shiri a rediyo da lokaci ya ƙure masa, can yake leƙawa. Manhajojin nan na ƙirƙirarriyar basira da ake yi wa tambaya su ba da amsa, da masu fassara, suna koyon Hausa ne daga rubutun da ke intanet, kuma Wikipedia na cikin manyan rijiyoyin da suke sha. Idan aka zuba gurɓatacciyar Hausa a can, ita za su koya su dawo mana da ita. Idan aka zuba shaci-faɗi, shi za su riƙa maimaitawa da muryar masana. Harshen da muke taƙama da shi a tarukanmu, can ake yanke masa tufafin da duniya za ta gan shi da su, kuma yawancin masu iya ɗinkin suna gefe suna kallo.

Me ya sa dogo?

Saboda da wuya ka sami wani abu guda da ya sauya fasalin ƙasar nan cikin ƙanƙanin lokaci kamar dogo, kuma da wuya ka sami tarihin da ke zubewa a gabanmu kamar nasa.

Turawan mulkin mallaka sun fara aikin layin Baro zuwa Kano a zamanin Gwamna Percy Girouard, wanda shi kansa injiniyan dogo ne. Burinsu auduga, don masaƙun Ingila. Sai manoma da fataken Kano suka yi nasu lissafin, suka ga gyaɗa ta fi kawo kuɗi, kuma ko ba a saya ba ana ci. Daga 1912 gyaɗa ta cika taragai, aka sami attajirai irin su Alhassan Ɗantata, aka sami dalar gyaɗa, wadda ba komai ba ce illa buhunan da ke jiran tarago. A 1927 layin gabas, wanda ya taso daga Fatakwal ya bi ta Inugu saboda kwal, ya mayar da Kafancan mahaɗa. A 1929 dogo ya kai Ƙauran Namoda daga Zariya, ta Funtuwa da Gusau. A 1930 ya kai Nguru daga Kano, ta Ringim da Malam Madori. Maiduguri ba ta ga jirgi ba sai 1964. Yawancin garuruwan nan sun sami sabuwar kasuwa, sabuwar unguwa, baƙi masu sabon harshe, da sabuwar sana'a. Ko babban yajin aikin 1945, wanda ya haura kwana 40, ma'aikatan reluwe ƙarƙashin Michael Imoudu ne a sahun gaba.

Yau da yawa daga cikin ƙananan tashoshin nan sun zama kango, rufi ya yaye, ciyawa ta cinye dogo. Tsofaffin direbobi da masu tura kwal a wuta da masu sayar da tikiti suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Ka gwada da kanka, ka rubuta sunan tashar garinku da Hausa ka nema. Sau da yawa ko dai ba ka sami komai ba, ko ka sami layi biyu, ko ka sami wata Hausa da sai ka mayar da ita Turanci a ranka kafin ka gane abin da ake nufi.

Ramukan da ke kan hanya

Rubutun dogo yana da daɗin koyo saboda cike yake da shekaru, tsawo, faɗi da sunaye, abubuwan da ko dai daidai ne ko kuskure, babu tsaka-tsaki. Ga wasu ramuka da mai gaggawa ke afkawa.

Na farko, suna yana yaudara. Akwai wani siririn layi da Turawa suka gina don kwasar kuza, suka sa masa sunan Bauchi. Ya tashi daga Zariya, ya bi ta Rahama, ya hau Jos har Bukuru, an kammala shi a 1914, aka rufe shi a 1957. Wannan layi bai taɓa shiga garin Bauchi ba. Sunan ya samo asali ne daga yadda a lokacin ake lissafa tsaunukan Jos a ƙarƙashin sunan Bauchi. Garin Bauchi bai sami dogo ba sai farkon shekarun 1960, lokacin da ake jan layin Borno daga Kuru. Wanda ya ga suna kawai ya rubuta "jirgin ƙasa ya isa Bauchi a 1914" ya ƙara wa gari kusan shekara 50 na tarihin da bai yi ba.

Na biyu, adadi yana da sharaɗi. Layin Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a watan Fabrairun 2021, zai bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Wasu jaridu sun ce tsawonsa kimanin kilomita 284 ne, wasu suka ba da adadin da ya haura 370. Ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Na biyun sun haɗa da reshen da zai tafi Dutse ne. Edita mai kula zai kawo adadin ya faɗi abin da aka ƙirga a ciki. Mai gaggawa zai ɗauki wanda ya fara gani, gobe wani ya zo ya goge ya sa ɗayan, a yi ta ja-in-ja a kan abin da ba saɓani a cikinsa.

Na uku, "an ce za a yi" da "an yi" da "yana aiki" ba ɗaya ba ne. A Jamhuriyar Nijar kamfanin Bolloré na Faransa ya shimfiɗa dogo na kimanin kilomita 140 daga Yamai zuwa Dosso, aka yi bikin ƙaddamarwa a 2016, amma layin bai zama hanyar sufurin yau da kullum ba. Wanda ya dogara da labarin ranar biki kaɗai zai rubuta cewa jirgi na jigilar mutane tsakanin Yamai da Dosso, Bahaushen Ƙonni ko na Maraɗi ya karanta ya yi dariya, daga ranar kuma ya daina yarda da duk abin da ke shafin. Labaran dogo a ƙasashenmu cike suke da alƙawari da ranakun kammalawa da ake ta ɗagawa. Don haka duk maganar da ta shafi nan gaba, a rubuta wanda ya yi ta da ranar da ya yi ta.

Na huɗu, fassarar na'ura. A Turanci, kalmar da ake kiran jirgin ƙasa da ita, ita ce ake amfani da ita wajen horarwa. Wadda ake kiran taragon fasinja da ita, ita ake kiran mai horar da 'yan ƙwallo. Sunan gungumen da ake girke dogo a kansa kuwa, idan aka bi shi baƙi da baƙi, "mai barci" ne. Na'ura ba ta taɓa shiga jirgi ba, don haka tana iya ba ka jimlar da koci goma sha biyu ke gudu a kan masu barci. Haka batun faɗin dogo. Tsohon layinmu faɗinsa ƙafa uku da rabi ne, wato milimita 1,067. Sabbin layuka, irin na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a watan Yulin 2016, faɗinsu milimita 1,435 ne. Wancan siririn na kuza ƙafa biyu da rabi ne kacal. Wannan bambanci shi ne dalilin da ya sa jirgin da ke tashi daga Idu zuwa Rigasa ba zai iya sauka kan tsohon dogo ya wuce Zariya ba. Mai karatu na buƙatar a gaya masa haka da Hausar da zai gane, a ce "faɗin da ke tsakanin ƙarafan dogo biyu", a ba shi adadi. Idan aka bar wa na'ura, "daidaitaccen ma'auni" za ta ce, mai karatu ya ɗauka mudu ake nufi.

Na biyar shi ne mafi nauyi, domin ya shafi rayuka. Harin da aka kai wa jirgin Abuja zuwa Kaduna ranar 28 ga Maris 2022 wani ɓangare ne na tarihin layin, ba a rubuta maƙalarsa a tsallake shi. Amma a kwanakin farko alƙaluman waɗanda suka rasu da waɗanda aka sace sun sha bamban daga kafa zuwa kafa. A irin wannan wuri ba a tsayawa kan saƙon WhatsApp, ba a sa sunan mutum don an ji a gari, ba a ɗora laifi a kan wani sai da majiya mai ƙarfi. Waɗanda abin ya shafa da iyalansu suna nan da rai, suna karatu.

Gemun maƙwabci

Kada a ce ina tsoratarwa ne. A watan Agustan 2020 aka gano cewa dubban maƙalolin Wikipedia ta harshen Sikot, wani harshe da ake yi a Sikotlan, wani matashi ɗan Amurka ne ya rubuta su, kuma bai iya harshen ba. Ya fara tun yana yaro, da kyakkyawar niyya, yana ɗaukar Turanci yana sauya kalmomi da taimakon ƙamus. Ya yi shekaru yana yi saboda masu harshen ba sa leƙawa. A 2022 kuma aka gano cewa wata edita a Wikipedia ta Sinanci ta ƙirƙiri maƙaloli sama da 200 na tarihin Rasha da bai taɓa faruwa ba, da yaƙe-yaƙe da sarakuna da madogarai na bogi. Wanda ya tona asirin marubucin labarai ne da ke neman abin da zai gina littafinsa a kai. Abin da ya yi kawai shi ne ya bi madogaran ya duba, ya tarar ba su faɗi abin da aka ce sun faɗa ba.

In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Akwai ma wata cuta da ta fi wannan wuyar magani. Wani ya rubuta kuskure a Wikipedia babu madogara. Ɗan jarida ya kwafa ya buga. Wani edita ya zo ya ga jarida ta faɗa, ya sa jaridar a matsayin madogara. Shi ke nan ƙarya ta haifi uwarta, ba mai iya gane mafari.

Shi ya sa ba na tare da masu cewa "da babu gara ba daɗi, a cika shafi tukuna, gyara ya biyo baya." Gyaran ba ya biyowa, domin masu zubawa sun fi masu tacewa yawa nesa ba kusa ba. Haka kuma duk gasar da za a ce wanda ya fi yawan maƙala shi ne gwani, to an buɗe wa na'ura ƙofa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Shafin da babu shi yana kiran mai rubutu. Shafin da aka cika da shirme yana korar mai karatu, kuma yana sa mai rubutu ya ɗauka an riga an yi aikin.

Ina madogaran suke?

Nan ne mutane ke karaya, su ce ai ba a rubuta komai a kan garuruwanmu ba. An rubuta, nema ne ba mu yi. Francis Jaekel, wanda ya yi aiki a reluwe, ya wallafa tarihin jirgin ƙasan Najeriya cikin juzu'i uku a 1997. Jan Hogendorn ya yi littafi a 1978 kan yadda cinikin gyaɗa ya faro. Michael Mason ya yi rubutu kan aikin tilas da aka sa talakawa lokacin shimfiɗa dogon Arewa. Shehu Tijjani Yusuf na Jami'ar Bayero ya yi bincike kan garuruwan da ke bakin dogo tsakanin Kano da Zariya, har da yadda maƙera suka riƙa samun ƙarfe daga kayan reluwe suna ƙera kayan aiki. Ga tsofaffin kofen Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a Janairun 1939. Ga ma'adanar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kaduna, ga Gidan Arewa, ga ɗakunan karatu na jami'o'inmu cike da kundayen digiri da ƙura ta rufe. Don abubuwan yau kuma ga Aminiya da sassan Hausa na BBC da DW da RFI.

Sai dai riƙe suna ba shi ne riƙe madogara ba. Mu da muka bi ta kwalejin fasaha mun ga yadda wasu ke cika shafin ƙarshe na furojet da sunayen littattafan da ko bangonsu ba a gani ba, don dai shafin ya yi kauri. Wannan al'ada ba ta da wuri a nan. Madogara ita ce abin da ka buɗe da hannunka, ka ga maganar da idonka, ka rubuta sunan marubuci da sunan littafi da shekara da lambar shafi, yadda wata a Zinder ko wani a Kumasi zai iya bin sawunka ya tarar da abin da ka tarar. Idan jarida ce, ka sa sunanta da kanun labarin da kwanan wata. Rubutun Facebook, ko da na babban mutum ne, ba ya zama hujjar tarihi. Idan kuma majiyoyi biyu masu ƙarfi suka saɓa, kamar yadda wasu ke cewa an fara aikin dogon Legas a 1896 wasu na cewa 1898, ba aikinka ba ne ka zaɓi wanda ya kwanta maka. Ka kawo duka biyun, kowanne da mai shi.

Ƙorafi mai ƙarfi

Akwai ƙorafin da ba zan raina ba, domin shi ne mafi ƙarfi. Wikipedia ba ta karɓar "kakana ya gaya mini." Ƙa'idarta ita ce abin da aka riga aka wallafa a inda za a iya tantancewa, ba binciken edita na kansa ba. To mu da yawancin tarihinmu a baki yake fa? Ashe rahoton Bature da ya sa aka kwaso mutane aikin diga zai zama hujja, amma jikan wanda ya riƙe digar ba zai zama ba?

Wannan zafi gaskiya ne. Takardun mulkin mallaka sun ƙirga mil da fam da tan, ba su cika ƙirga gumi ba. Amma a ganina cire ƙa'idar ba zai warkar da komai ba. Ranar da aka ce kowa ya rubuta abin da ya ji, kowane gari zai zama shi ne tasha ta farko, kowane gida kakansu ne ya fara tuƙa jirgi. Ƙa'idar da ta hana ka sa maganar kakanka ita ce ta hana wani ya yi wa kakan naka ƙage.

Maganin yana hannunmu, kuma nan ne marubuci ya fi kowane edita dama. Abin da ke baki, mu ne masu mayar da shi takarda. Ka je wurin tsohon ma'aikacin reluwe da ke unguwarku, ka gaishe shi, ka ce, "Baba, so nake ka ba ni labarin aikinku, in rubuta don na baya." Ka nemi izininsa, ka naɗi murya, ka rubuta rana da wuri. Ki je wurin Iya da ta yi shekaru tana sayar da abinci a bakin tasha, ki tambaye ta ranakun da jirgi ke zuwa da irin mutanen da ke sauka. Sannan a gwada abin da suka faɗa da abin da ke rubuce, a tsara shi, a kai wa jarida ko mujalla mai edita, ko ƙungiyoyinmu su tattara irin waɗannan hirarraki su fitar da littafi da aka tace. Daga ranar ya zama abin da wani edita zai iya dogara da shi. Magabata sun nuna hanya. Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi ya ga aikin dogo a zamaninsa ya yi masa Waƙar Diga, ga shi yau masana tarihi na komawa gare ta don jin yadda mutanen ƙasa suka ga abin. Da bai rubuta ba, da muryar Bature kaɗai za a ji.

"To me zan samu?"

Tambaya ce ta halak. Ba a biya, data kuɗi ce, sunanka ba ya fitowa a saman maƙala, sai dai a shafin tarihin gyare-gyare. Wani ma zai iya zuwa gobe ya sauya jimlar da ka kwana kana gogewa. Duk wanda ya ce maka wannan hanyar samun kuɗi ce ya yaudare ka.

Abin da za ka samu horo ne da ba a sayarwa. Za ka koyi rubuta jimlar da ba ta da kitse, domin a can ba a cewa "katafariyar tasha mai ɗimbin tarihi da ta yi fice a faɗin Afirka" sai a tambaye ka wa ya auna. Za ka koyi raba abin da ka sani da abin da kake zato. Za ka koyi neman kalmar Hausa ta gaskiya a bakin masu sana'a, ka ji yadda su da kansu ke kiran kan jirgi da tarago da wurin gyara, maimakon ka ƙaga a ɗaki. Za ka koyi haƙuri da gyaran wanda ba ka sani ba, abin da da yawanmu ke kasawa ko a wurin karatun ƙungiya. Sannan ranar da ka zauna rubuta labarin da ya faru a Gusau ta 1950, ba za ka sa jarumarka ta hau jirgi zuwa Sakkwato ba, domin ka riga ka san dogon a Ƙauran Namoda ya tsaya. Mai karatu ba zai san wahalar da ka sha ba, amma zai ji ƙasa a ƙarƙashin ƙafar labarin.

Aikin mako

Ga abin da nake ba da shawara, kuma bai fi ƙarfin kowa ba. Ka zaɓi tasha ɗaya da ka sani: Madobi, Ɗangora, Funtuwa, Malam Madori, Gombe, ko wadda ke kusa da ku. Kafin ka rubuta komai, ka samo majiya biyu ko uku da ka karanta da kanka. Ka rubuta jimla goma kacal: ina tashar take, a kan wane layi, yaushe aka buɗe layin, me ake ɗauka a can, wane hali take ciki yanzu. Kowace jimla ka tambaye ta "wa ya faɗa?" Wadda ta kasa amsawa, ka cire ta ka ajiye a littafinka har ranar da ka samo mata mai ita. Ka karanta abin da ka rubuta da ƙarfi a gaban wanda bai iya Turanci ba. Inda ya ce "me?", nan ne gyara yake. Idan za ka iya, ka nemi izinin masu kula da wurin ka ɗauki hoton tashar da wayarka ka ɗora, domin ginin da ke tsaye bana ba lallai ya kai baɗi ba.

Wanda ba shi da lokacin sabuwar maƙala, ya buɗe wadda ke akwai ya gyara Hausar sakin layi ɗaya, ko ya samo wa magana ɗaya madogara. Mu nan muna da yawa, kuma garuruwanmu sun watsu a kan layin Nguru da na Ƙaura da na Borno da na Legas. Idan kowa ya riƙe tashar garinsu ya yi mata aiki mai tsabta, kafin shekara ta zagayo yaron da ya nemi tarihin dogo da Hausa zai sami abin da zai kai wa malaminsa ba tare da kunya ba.

Wanda ya san wani littafi ko kundi da ya yi maganar tashar garinsu, ya taimaka wa 'yan'uwa da sunansa da inda ake samunsa.